Takwaranka yana kwana a ƙasan jingarka

Ƙofar Marusa, Katsina.

Zuwa ga ƙanena Sada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hafsat da yara, da kuma zaman Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Albishirinka! Safara'u matar ɗana Nu'uman ta sauka lafiya, namiji, kuma sunanka aka raɗa masa. Tun ranar bakina bai rufu ba. Har na ƙi bari a rubuta mini wannan, na ce da hannuna, da ɗan rubutun da na koya a ajin yamma, zan gaya maka.

Amma Sada, murnar ta ƙi zama wuri ɗaya. Ka san haihuwar fari ce, Safara'u tana wankan jego a gidan iyayenta can bayan Ƙofar Guga, a kwarin da ke ƙasan gonarka. Da na je ganin yaron sai na hau jingar ƙasar da ka yi don tare ambaliya. Na tarar an toshe mafitar ruwan da buhunan yashi. Babaji mai gadinka ya ce kai ka yi waya ka ce a toshe, don a tara ruwan tumatirin rani. Yanzu ruwa ya kusa leɓen jingar, gafiyoyi sun yi ramuka a jikinta, kuma ta baya wani jan ruwa yana tsattsafowa. Ga marka ba ta ɗauke ba. Daga saman nan ina hango rufin ɗakin da jaririn yake.

Na roƙi kakarsa ta wajen uwa su dawo gidana. Ta ce ita ba ta taɓa jin mai jego ta bar ɗaki kafin arba'in ba, wai in bar tsorata mata 'ya, kada nono ya ɗauke. Babaji kuma ya ce ko buhu ɗaya ba zai ɗaga ba sai ya ji muryarka. Na kira ka har na gaji, wayarka ba ta shiga. Kullum hadari ya haɗo ta gabas sai in kasa zama, in ɗauki sanda in nufi can.

Na san za ka so ka aiko wa takwara rago da kayan sawa. Ka bar su. Abin da zan karɓa a madadinsu shi ne ka kira Babaji ranar da wannan ta same ka, ka ce ya buɗe. Idan Juma'a ta zo bai ji daga gare ka ba, ni da Nu'uman za mu kwashe buhunan, sai ka yi fushi da ni daga baya. Tumatir ana sake shukawa.

Ka gaida Hafsat da Jamila da Yusuf. Uwargidana Ladi tana gaishe ku, ta ce wai goshinka yaron ya ɗauko.

Naka yayanka,
Hussaini, kakan Sada ƙarami.