Miyar Kabewar Maƙwabciyata

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara, ya ƙarfin jikin Baban Sadiya? Mu nan unguwarmu Danau Kota, a ƙasar waje, lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Ina da maƙwabciya, Mirlande, Kirista 'yar Haiti, ajinsu ɗaya a jami'a da maigidana Abban Nura. 'Yan daba sun mamaye unguwarsu a can, tun kafin Kirsimeti rabonta da jin muryar mahaifiyarta. Ranar sabuwar shekara da yamma sai ga ta da tukunyar miyar kabewa, kamar taushenmu amma ruwa-ruwa. Har naman halal ta nemo a kedai, wato kanti, don mu iya ci.

Na ce, "Haba Mirlande, a wannan halin kike girki?"

Ta ce zamanin bauta kakanninsu ke dafa miyar, amma an hana su ɗanɗanawa. Ranar sabuwar shekarar da suka sami 'yanci suka sha, shi ya sa duk shekara sai an dafa an raba wa maƙwabta. "In dai Mama na da rai, yanzu haka tana gaban murhu. Allah bai manta da mu ba."

Yaya, sai na ajiye cokali. Inna na tuna, da ta ƙi barin ƙauye duk da 'yan bindiga. Tun ranar nake kiranta, layin ba ya shiga. Don Allah ki tura wani ya gano ta, ko muryarta a ɗauko min.

Ki gaida kowa. In kin ɗaga hannu don Inna, ki haɗa da tsohuwar nan ta Haiti. Ban san sunanta ba, amma Allah ya sani.

Ƙanwarki,
Hajara