Furar Goggo Hajjo da kujerar sallata

Anti Zuliha, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ki sakaya sunana, ko da yake ban san amfanin sakayawar ba, domin a Gwaram in aka ce tela mai jiki da ke sallah a kan kujera, ba sai an yi dogon bincike ba.

Shekarata arba'in da ɗaya, sana'ata ɗinki. Daga hantsi zuwa la'asar ina kan keke, babu abin da ke motsi a jikina sai ƙafa da baki. Ƙiba tun haihuwata ta biyu ta kama ni, kuma ban taɓa ɗaukarta matsala ba, a danginmu ma yabo ce, sai a ce miji ya iya kiwo. Bara da azumi, ina tarawihi a tsakar gida, na yi sujada na kasa ɗagowa. Gwiwoyina suka ƙi. Sai da maigidana Malam Safiyanu ya zo ya cicciɓe ni kamar buhun gero, yara suna kallo. Tun daga ranar nake sallah a kan wata farar kujerar roba.

Na san ya halatta, an sha faɗa mini. Amma Anti, ni dai goshina nake so ya taɓa ƙasa. Abin da ya ƙarasa karya mini zuciya shi ne autata Hidaya, 'yar shekara huɗu. Ran nan na idar da la'asar na waiga, sai na gan ta ta yafa ɗankwalina, ta jawo 'yar kujerar tsakar gida ta zauna, tana sunkuyar da kai tana ɗagowa. Ita a saninta haka mata suke sallah, tunda ba ta tuna ta taɓa ganina a ƙasa ba. Yayyenta suka yi ta dariya. Ni ɗaki na shige na yi kuka har na gode Allah.

Na je asibiti a Birnin Kudu, aka ɗauki hoto. Likitan ya ce guringuntsin gwiwar ya fara cinyewa, ƙwayoyin da zai ba ni na rage zafi ne kawai, babban maganin shi ne in sauke nauyi. Ya ce in rage ci, in riƙa tafiyar ƙasa a hankali da safe. A bakinsa abin da sauƙi.

Ke da kike birni wataƙila ba za ki gane ba. A nan matar aure ba ta fita ta kama tafiya haka siddan, ba kaya a kai, ba goyo, ba inda za ta. Ranar da na fara, duk ɗan acaɓar da ya gan ni sai ya ja birki. Wata tsohuwa ta tare ni tana salati, wai ko rasuwa aka yi. Kafin azahar labari ya iske Malam a tasha, domin shi direban bas ne tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, cewa an ga iyalinsa da sanyin safiya ta yi yaji. Da ya dawo bai yi faɗa ba. Cewa ya yi bai hana ni ba, amma in nemi wurin da zan riƙa zuwa, wanda in an tambaye shi zai iya buɗe baki ya faɗa.

Shi ne na tuna da Goggo Hajjo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Rugarsu tana bayan gari, sai an ratsa gonaki. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, kuma ta daɗe tana aiko mini da ƙorafin cewa ɗinki ya sa na manta da ita. Na ce shi ke nan, ga tafiya ga zumunci, bakin kowa ya mutu. Kuma ya mutu ɗin, yanzu har sa mini albarka ake yi a hanya.

To a nan gizo yake saƙar. Anti, kin san ba a shiga ruga a fito da baki a bushe. Kafin in isa Goggo ta riga ta ware kindirmon da ya fi kowanne kauri, wanda da kasuwa za a kai. Da hannunta take dama mini fura a babbar ƙwarya, ta zambaɗa sukari don ta ce mutanen gari ba sa shan abu salam. Ta zauna ta dafa ƙafata, ba za ta saki ba sai ta ji ludayi yana kankarar gindin ƙwarya. In na rage sai ta ce ko ta tsufa ne har ƙyanƙyaminta nake yi. In zan tafi kuma ga curin man shanu. Duk wanda ya zo rugar sai ta ba shi labari cewa 'yarta da ƙafa take tahowa gaishe ta, alhali mijinta mai mota ne.

Da farko na damu. Sai ƙanwata Murja da ke aure a Kano ta aiko mini da wani agogo da ake haɗawa da waya, yana ƙirga tafiya, yana nuna kalori, wato ƙarfin abincin da jiki ya ƙone. Murja ta ce a zaurensu na mata a waya an yi bayani, duk abin da agogo ya nuna na ƙone halaliyata ce, in ci abina, in ba haka ba jiki zai tsorata ya ƙanƙame kitsen. Wallahi maganar ta yi mini daɗi. Na riƙa duba agogon a bakin ruga, in ga ɗari uku da wani abu, in shanye furar da kwanciyar hankali. In dawo gida da wata irin yunwa da ban santa da ba, in ce ai na yi tafiya, in ƙara shinkafa. Da dare in tuna tafiyar dawowa, in ƙara malmala.

Tun bayan babbar sallah nake wannan sintiri, har aka yi girbi aka kai amfanin gona gida. Makon jiya na koma Birnin Kudu, na hau ma'auni. Anti, ƙaruwa na yi. Na ce wa ma'aikaciyar ko na'urar ta lalace, ta ce in sauka in sake hawa. Na sake, ba abin da ya canja. Likitan ya dube ni kawai ya rubuta ƙwayoyi, ni kuma kunya ta hana ni ba shi labarin fura. Gwiwar ma yanzu ta fi da ciwo, ana kukan targaɗe sai ga karaya. A motar Malam na dawo, a gidan gaba.

Yanzu ban san abin yi ba. In na daina zuwa, Goggo za ta ce me ta yi mini. In na faɗa mata gaskiya, cewa likita ne ya koro ni ba kewarta ba, ina jin baƙin cikin zai iya kwantar da ita, kuma da wane ido zan dube ta? In na ci gaba, tufka da warwara nake yi. Wata mai kawo mini ɗinki ta ce kada in sake in mayar da ko loma ɗaya ta abin da na ƙone, Murja kuma ta ce in ban mayar ba, faɗuwa zan yi a hanya. Wanne ne gaskiya? In ci ko in bari? Ni dai na fara fitar da rai. Wani lokacin in na kalli kujerar nan sai in ji a raina cewa ni da ita sai ranar da aka ɗauke ni.

Taki,
Mai sallah a kujera, Gwaram.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na yi dariya a wurin yaji, na tausaya miki a wurin Hidaya. Sannu.

Amsar tambayarki a taƙaice: kada ki mayar. A halin da kike ciki, abin da tafiya ta ƙone ki bar shi ya tafi, don shi kika fita.

Murja ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba, sai dai maganar ba taki ba ce. Wanda ya wuni yana huɗa a gona, ko ɗan ƙwallon da ke gudu safe da yamma, dole ya ƙara ci, in ba haka ba jikinsa zai gaza. Ke tafiya kike yi a hankali da gwiwa mai ciwo, abin da take ƙonewa kaɗan ne. Agogon nan kuma kintace yake yi, kuma irinsu sun fi yawan yin ƙari a kan ragi. Ko da ya faɗi daidai, babbar ƙwaryar fura da kindirmo da sukari ta isa ta shafe lissafin har ta bar saura. Sannan ki duba da kyau: tafiya ɗaya kike yi, sau uku kike ramawa, a ruga, da rana, da dare. Yunwar da kike ji gaskiya ce, motsa jiki yana buɗe ciki, amma agogon ne ya ba ta lasisi. Ki cire shi ki ajiye a cikin kwaba.

Ban ce ki zauna da yunwa ba. In kika ji jiri, ko rawar jiki, ko gumi mai sanyi, ki tsaya ki sa wani abu a bakinki, ki kuma gaya wa likita, musamman in kina shan maganin siga ko na hawan jini. Jiki ba ya ƙanƙame kitse don an hana shi ƙarin malmala.

Fura ba abokiyar gaba ba ce. Ki mayar da ita karin kumallonki, kada ta zama ƙari a kansa. Ki fita da ruwa kawai a cikinki, ki sha a ƙaramin ƙoƙo, nono ya fi furar yawa, ba sukari. Abincin rana da na dare su koma yadda suke kafin ki fara tafiya, ko ƙasa da haka kaɗan, miyar ganye ta fi tuwon yawa. Man shanun ki zuba wa yara da Malam.

Saura Goggo. Kin ɗauka hanya biyu ce kawai, ko ki shanye ko ki karya mata zuciya. Akwai ta uku. Tsofaffinmu sun san dokar magani sarai: in mai magani ya ce kada a ci kaza, ba mai jin haushi, su ne ma masu tsaron dokar. Ki gaya mata gwiwarki ba lafiya, an kafa miki doka a kan sukari da babbar ƙwarya. Ki yi sallar walaha a gabanta a kan turmi ko kujera, ki kama hannunta ki ɗora a gwiwar ta ji kumburin. Matar da ta raine ki ba za ta so ta ƙara miki ciwo da hannunta ba, rashin sani ne. Ina kyautata zaton da kanta za ta riƙa ƙwace ludayin. Batun abin da ya fara kai ki kuwa, ki bar shi a cikinki, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Likita ne ya tura ki ranar farko, amma wadda take tsoron ɓacin ran tsohuwa har kanta ya kulle, zumunci take yi.

Ki koma asibiti ki faɗa wa likitan komai, har furar, ki kuma ce masa ciwon ya ƙaru. Mai yiwuwa hanyar ta yi wa gwiwar nisa. Ki tambaye shi ko ki riƙa hawa acaɓa a dawowa, ko ya tura ki wurin masu gashin ƙashi su koya miki motsin da za ki yi a zaune.

Yanzu abin da ba ki tambaya ba, amma shi kike son ji. Ba zan yi miki alƙawarin sujada ba. Nauyin da aka tara a shekaru ba ya sauka a damina ɗaya, da yawa suna saukewa ya dawo, kuma guringuntsin da ya cinye ba ya tsirowa. Abin da nake sa rai shi ne ciwon ya lafa, lalacewar ta rage gudu. Mai yiwuwa ki koma ƙasa, mai yiwuwa kujerar nan ta zauna. Gara ki ji daga bakina yanzu, da ki sake hawa ma'auni ki ce an yaudare ki.

Amma akwai abin da ke hannunki tun yau. In kin tashi sallah, ki shimfiɗa wa Hidaya darduma a gefen kujerarki. Ki gaya mata Umma ba ta da lafiya ne shi ya sa take zama, ki nuna mata inda ake sa goshi da hanci da tafin hannu, ki sa yayyenta su yi ta gani. Wanda kike yi wa sujadar ya san wace gwiwa Ya ba ki. Ko da naki goshin bai koma ƙasa ba, kada ki bari nata ya tashi bai san hanya ba.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya karɓi sallarki a zaune kamar yadda Ya karɓa a tsaye. Ki gaishe mini da Goggo Hajjo.

Anti Zuliha