Muryar Mairama a silima

Tanut, Maris 1983

Zuwa ga ɗana Audi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da mutanen Yamai. Ni da sauƙi, sai ƙafafu. Masallacin ƙofar gida ne iyakar tafiyata yanzu.

Na samu takardarka. Na fahimci cewa hotunan silimar da ka ɗauka nan gidan a shekarar fari ta 1974 har yau suna cikin gwangwani, ba a haɗa su ba don rashin kuɗi, kuma yanzu wani biro, wato ofishi, na ƙasar waje ya yarda ya biya. Na fahimci sharaɗinsu: kuɗin kwafi ɗaya ne, kuma da Faransanci, domin can za a fara nunawa. Wani zai yi magana ya rufe muryar Mairama.

Kana so in fassara abin da ta faɗa, tun da na yi lakwal, makarantar boko, tun zamanin Turawa. Audi, matata ce, kuma ita ta goye ka bayan rasuwar ƙanwata. Ranar da ka ɗauke ta hoto, ta zauna tsakar gida tana nuna yadda ake jiƙa anza, ƴaƴan itacen dajin nan na lokacin yunwa, har ɗacinta ya fita a ci, tana yi wa maƙwabciyarmu Yagana tsiya cewa tata anzar ko jaki ba ya so. Ban san yadda ake faɗin wannan da Faransanci ba. Ka sake tambayarsu ko za su bar Hausar, su rubuta fassarar a ƙasa. Matan ƙauyukan Tarka da Gangara ba su jin Faransanci, kuma su ne masu cin anza.

Ka gaida matarka Tata da yara.

Kawunka, Barmo

Tanut, Nuwamba 1983

Ɗana Audi,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta gidanka. Na ji ƙaramar ta yi ƙyanda, Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga amsarsu, sun ƙi. Ban yi mamaki ba. Ka ce zafi ya fara cin hotunan, in ba a karɓi kuɗinsu bana ba, ba za a samu ko fuskar Mairama ba. Wannan gaskiya ce, kuma ba ni da wani mai kuɗin da zan nuna maka.

Abokin aikinka ya zo da na'urar sauti, ya sauka wajena. Yana kunnawa, ina rubutawa, yana mayarwa baya. Tun rasuwarta ban ji muryar mace a ɗakin nan ba. Yagana ta jiyo ta katanga, ta shigo ba sallama, ta tsaya bakin ƙofa har aka gama, sannan ta fita.

Na fassara duka, har tsiyar da dariyar, da yadda take gane anza ta yi. Ya tafi da takardun da faifan, ya ce biro ke da su yanzu. Na so ya bar mini ko kaɗan, ya ce ba ni da abin kunnawa. Haka ne.

Damina ba ta yi kyau ba. Hatsi ya fara tsada a kasuwa.

Allah ya yi maka albarka.

Kawunka, Barmo

Tanut, Fabrairu 1985

Ɗana Audi,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Ka yi haƙuri da rubutun.

Yagana ta rasu da kaka. Garin ya cika da mutanen daji da dabbobinsu suka ƙare. An koma cin anza, amma matan yanzu yara ne a wancan farin. Wasu suna gaggawa, ƴaƴansu suna kwana da ciwon ciki.

Silimar da ka aiko aro ta iso, an nuna ta shekaranjiya a lakwal, aka toshe tagogi da tabarmi. An kai ni a amalanke. Mata sun cika ajin har waje, don an ce musu ta anza ce.

Hoton ya yi kyau, Audi. Ga Mairama da zanenta mai baƙi, bakinta yana motsi, wani namiji yana magana a hankali da Faransanci. Ya ce matan Sahel suna jiƙa wannan iri kwanaki da dama. Wurin da ta daɗe tana bayani, ta ɗanɗana ruwan, ta yi dariya, kiɗa suka sa.

Da aka gama, wata yarinya daga Ollelewa, da goyo, ta durƙusa gabana tana tambaya me tsohuwar ta ce lokacin da ta ɗanɗana, ta yaya ake sanin ta yi. Sauran suka matso. Na zauna ina nema a kaina. Na tuna dariyar, na tuna jakin Yagana, sauran bai zo ba. Ni ban taɓa jiƙa anza ba, ci kawai na yi. Na ce mata kwanaki da dama. Ta yi godiya ta tashi.

Direba zai mayar maka da gwangwanin ranar kasuwa. Ka gaida Tata.

Kawunka, Barmo