Kwalabe Shida daga Rijiyar Makera

Makera, 3 ga Agusta

Ɗana Farfesa Nasiru,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na koma ga takarda ne don tun da aka ba ka kula da lafiyar jama'ar jiha, sakatare ke ɗaukar wayarka.

Bara na ji wata magana, wai ruwan da ma'aikatanka suka kai gwaji ba na rijiyar layinmu ba ne. Ban yarda ba, na ce surutun teburin mai shayi ne. To ga damina ta dawo, yara huɗu sun kwanta da amai da gudawa, har da jikata Rukayya. Mai unguwa ya ce ba zai rufe rijiya ba, tunda takardar gwajin da ka sa wa hannu ta ce ruwan lafiya lau. Har ya liƙa ta a bango.

Ka turo a sake dubawa. Ka huta lafiya.

Babanka Zakariyya'u

Kaduna, 7 ga Agusta

Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa. A kai Rukayya asibiti yau, a riƙa tafasa ruwa.

Shekara ashirin ina koya wa ɗalibai cewa mai gwaji da hannunsa yake ɗibar ruwa. Na tsare Isaac, wanda na aika bara. Ya ce an zaunar da su a inuwa, an kawo fura, an karɓi kwalabe shida, an dawo da su cike. Ni kuma na sa hannu.

Yanzu ba a soke takarda sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma ya ce sai an kawo sunan wanda ya cika kwalaben. Baba, na gaji. Wane ne?

Ɗanka mai biyayya,
Nasiru

Makera, 10 ga Agusta

Ɗana,

Muna gaisuwa. Rukayya ta fara shan kunu. Na sa wa murfin rijiya kwaɗo, mai unguwa ya daina gaishe ni.

Maganar kuwa na bi ta daga mai shayi zuwa tela, daga tela zuwa ladan, kowa ya ce shi ma ji ya yi. Ruwan leda aka juye a kwalaben. Wadda ta juye ta ce, "Yaron da na goya ya zama Farfesa, sannan in aika masa ruwa mai laka a gaban mutanensa?"

Jiya da hantsi ta faɗa mini, tana tafasa ruwa. Rubuta wa kwamitinka: Hajiya Talatu, matata.

Allah ya yi maka albarka.

Zakariyya'u