Sahur Ba Karin Kumallo Ba Ne

Zuwa ga Dakta Habibu, babban likita mai kula da sashen jini na asibitinmu a Birmingham.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya gudanar da jini a jijiyoyi bisa gwargwado, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa. Ina gaishe ka, ina gaida duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa. Bayan haka:

Na zaɓi in rubuta maka a fili ne saboda duk lokacin da na tare ka da maganar nan a masallaci, sai ka rusuna ka gaishe ni da ladabi mai yawa, ka ce a bari sai mako mai zuwa. Makon ya zo sau huɗu.

Ka san larurata: jinina kauri yake yi. Shekara tara ke nan duk bayan mako shida ana ɗibar mini kusan rabin lita a ɗakin gwajinku. Ƙaho ne dai irin na wanzamai, sai dai naku da allura da leda.

Na farko. A da, ba a taɓa soka mini allura ba sai wata dattijuwar likita ta gan ni. Takan duba sakamakon gwaji, ta duba idona, ta tambayi barcina. Ita ce ta gano ina azumin Litinin da Alhamis, ta rubuta da hannunta a bangon fayil ɗina cewa a riƙa ba ni Talata ko Laraba. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, ta yi ritaya, ba a maye gurbinta ba. Fayil ya koma cikin kwamfuta, bangonsa bai bi shi ba. Yanzu sa hannunka guda ɗaya ke ɗaukar ɗibar shekara sukutum. Sa hannun yana da kyau, Dakta, amma bai taɓa tambayata yaya na kwana ba.

Na biyu. A watan Yunin da ya wuce kwamfuta ta ba ni Alhamis, ƙarfe biyu na rana. Nas ɗin da ta karɓe ni mace ce mai kirki, ita kaɗai a kan kujeru biyar. Ta karanto tambayar da ke kan fom: ko na ci abinci yau? Na ce na ci. Ban yi ƙarya ba, domin na yi sahur, kuma a lissafinku na agogo sahur cikin yau yake. Abin da fom bai sani ba shi ne, a Yunin ƙasar nan, tsakanin sahur da ƙarfe biyu sa'o'i sun haura goma sha ɗaya. Bayan ta gama ta miƙo mini shayi da biskit, na gode mata na ajiye. Tana can kan wani majinyacin, ba ta gani ba. A tashar bas, ina jiran motar Small Heath, jiri ya ɗebe ni, ƙasa ta taso ta same ni a goshi. Ɗinki uku, tabarau ya rabu biyu.

Na uku, kuma wannan a kaina yake. Ni da bakina na sha karantar da cewa an karhanta wa mai azumi yin ƙaho idan yana tsoron rauni. Na sani sarai. Amma na riga na ɗauki niyya, a mazhabarmu kuwa ba a karya nafila haka kawai, kuma idan na ɗaga ranar ɗibar, sai na koma ta hannun GP, likitan unguwa, wata biyu ba a kira ni ba. Sai na yi wa kaina fatawa mai sauƙi. Tsoho yakan yi haka. Dalilin da ya sa ake ajiye likita a kansa ke nan.

Ba na zargin nas. An ba ta tambaya ta yi, an ba ta amsa ta rubuta. Wanda zai kalli gemuna da carbina ranar Alhamis ya sake tambayar ta wata fuska, shi ne babu. Kuma ba ni kaɗai ke zama a kujerun nan ba. Akwai dattawan Pakistan da na Somaliya da za su amsa kamar yadda na amsa.

Ga abin da ya biyo baya. 'Yata Hajara, wadda ke aikin akanta a Manchester, ta share ɗaki a gidanta na Old Trafford, har ta sa labule. Ta ce tun da babu mai duba ni a nan, ita za ta duba ni a can. Ni kuwa ina da dattawa bakwai, yawancinsu direbobin tasi, da muke karatun fiƙihu duk Lahadi shekara da shekaru. Yanzu muka shiga babin gado. Idan na tafi, a nan karatun zai tsaya.

Don haka ina roƙon abu biyu. Kada a ɗebi jinin kowa don magani sai likita ya gan shi ido da ido a ranar, ko na minti uku ne. Sannan a gyara tambayar: a ce ƙarfe nawa ka ci, kuma kana azumi?

Hajara ta ba ni wa'adi zuwa ɗiba ta gaba, saura mako uku. Idan likita ya gan ni kafin allura, na zauna. Idan bai gan ni ba, motarta na ƙofa. Saboda haka amsarka ita za ka aika wa, ita ce alƙaliyar. In kuwa ka yi shiru, to ka fara bitar babin gado, domin a duk Birmingham kai za mu naɗa malamin karatun, ko da yake rabonka da littafin fiƙihu tun kafin ka yi furfura.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa albarka a hannunka da na ma'aikatanka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Mai karatu kuma, Allah Ya karɓi azuminsa, Ya ba shi likita mai tambaya.

Wassalam.

Malam Isiyaku,
Small Heath.