'Yar Riƙon da Na Mayar

Tamale, watan Rajab

Zuwa ga ƙanena Neindoo,

Bayan sallama da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da matarka Adisa da dukan mutanen Kumbungu. Yaya ƙafar Baffa Ziblim?

Direba ya sauke maka 'yarka Tiyumba ba tare da cikakken bayani ba, ga shi yanzu. Binciken da jami'a ta ɗora mini kan 'yan matan da ke riƙo a hannun gwaggonninsu ya kammala. Na shiga gidaje masu yawa, na ga 'yar gida ta tafi makaranta, 'yar riƙo kuwa tana gindin murhu tana tuƙa man kaɗe. Na tsaya gaban jami'an ilimi na ce yarinya ta fi samun karatu a gaban mahaifanta. Sai wata a cikinsu ta tambaye ni, tana dariya, ko ta gidana ni na haife ta. Ban taɓa hana Tiyumba aji ba, amma ina tsoron ranar da Allah zai tambaye ni abin da na hana mutane alhali ina aikata shi. Shi ya sa na maido maka 'yarka.

Kada a tilasta mata cin kuɓewa, ba ta jure ta.

Yayarka, Fusheina

Tamale, watan Sha'aban

Ƙanena,

Ina gaishe ka da iyali. Ban ga amsarka ba, sai saƙon Baffa Ziblim, wai a gaya wa malamar jami'a ko akuyar kiwo ba a maido ta a motar haya babu goro, balle 'yar da aka ɗora mini a cinya tun yaye. Ya ce wadda ta mayar da 'yar ɗan'uwanta, jininsa ta ce ba ta so. Allah ya sani ban nufi haka ba.

Gidan ya yi mini faɗi. Har yanzu hannuna yakan auna garin mutum biyu. In na idar da sallar asuba nakan juya in gyara mata karatu, sai in ga tabarma kawai. Ina tambayar kaina ko tsoron Allah ne ya sa na rabu da ita, ko tsoron dariyar wata mata.

An sa ta a makaranta kuwa?

Fusheina

Tamale, watan Ramadan

Ƙanena Neindoo,

Barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu.

Adisa ta aiko mini a ɓoye cewa dangi sun zauna. Tunda babbar gwaggo ta ƙi, riƙon ya faɗa kan ƙaramar. Bayan Sallah za a kai Tiyumba Kumasi wurin ƙanwarmu Napari, ta taya ta sayar da abinci a tasha. Ba na zargin Napari, aiki ne ya fi ƙarfinta. Amma irin waɗannan yaran na bi kasuwa-kasuwa ina tambaya, na san abin da ke samun karatunsu.

Abin da na faɗa wa jami'ai gaskiya ne, ba zan janye ba. Duk da haka ina tafe ranar Juma'a da ƙwaryar goro. Na goya ka kana ƙarami, amma zan cire takalmi in durƙusa a gabanka, a gaban Baffa, ya faɗa mini duk abin da ya ga dama. Ka ba ni 'yata.

Yayarka mai jiran afuwarka,
Fusheina