Abin Da Na Faɗa Kan Littafinki Na Biyu

Makarfi, Jihar Kaduna

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da maigidanki Zayyad da jikata Rumaisa. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau, Babanku yana can Paki wajen masararsa, ƙafar tasa ma ta yi sauƙi.

Mutane da yawa suna zaton idan labari mai tsawo ya kai littafi na biyu bai ƙare ba, to marubucin ne ya rasa hanya. Ina jin ke ma kin fara yarda da haka, tunda ƙaninki ya ce min kin ajiye rubutun na uku. Na san dalili, kuma ni ce. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cewa tsakiyar labari nan ne ake gwada jarumi, sai ga shi da bakina na rushe abin da nake koyarwa.

Ga yadda aka yi. A ƙungiyar karatu ta makarantarmu, yara suka kaure da musu kan littafinki. Mu'awiyya, wani ɗan aji biyar mai baki, ya ce na farko ya fi, wai a na biyu jarumarki Mero tafiya kawai take da wuta a cikin ƙwarya, tana tsaye-tsaye kamar motar Kudan ranar kasuwa, har aka rufe littafi ba ta kai ga aljanun da suka sace ruwan sama ba. Nana Firdausi ta ce masa shi dama ko tuwo ba ya jira ya nuna, kuma duk wanda bai yi hawaye ba inda Mero ta ƙona zanen uwarta don kada wutar ta mutu, to dutse ne a ƙirjinsa. Ina gefe zuciyata fes. Sai wani malami da ya san ke tawa ce ya juyo gaban kowa ya ce a ji ta bakin uwar marubuciya.

Kin san yadda aka rene mu. Ke ce 'yar fari, ko sunanki ban taɓa kira a gaban mutane ba, balle in yabe ki. Kunya ta kama ni, na ce ai shirmen yara ne, na biyun ma ban iya gama shi ba. Aka yi dariya. Ban san wata yarinya tana ɗauka a waya ba, har ta tura zauren masu karatunki. Da a tsakar gida ne, kowace mace za ta gane kara nake yi. Amma waɗanda suka gani a waya malamar Hausa suka ji tana yanke hukunci, kuma ke ma haka kika ji.

Ƙarya na yi. Sau biyu na karanta shi, kuma a ganina ya fi na farko nauyi. Tun ranar ko kallon Nana Firdausi ba na iya yi sosai, don ita ta tsaya miki, ni da na haife ki na kauce. Makon jiya na tsaya gaban ƙungiyar na faɗa musu gaskiya. Mu'awiyya ya ce shi har yanzu yana kan bakansa, amma a gaya miki ki yi sauri, yana so ya san ko ruwan zai dawo kafin ya gama makaranta.

Ki yafe min. Ba na so ki dogara da maganata, tunda ta taɓa cutar da ke. Ranar Alhamis bayan la'asar za su sake zama. Ki kira ni, zan ajiye wayar a kan tebur, kada ki ce uffan. Ki saurare su da kunnenki, sannan ki yanke shawara kan na uku.

Babanku da Gwaggo Fatsuma suna gaishe ku. Ki shafa min kan Rumaisa.

Mahaifiyarki,
Malama Kulu